Diwani Uku Ba Maki: Yadda Ƙarin Girman Wani Malamin Adabi Ya Tsaya Shekara 7

Mafarin lamarin: shekara ta 1 zuwa ta 10

Wanda wannan nazari ya shafa malamin adabi ne a wata jami'a, kuma marubucin waƙa. Ba zan ambaci sunansa ko na jami'ar ba. Malam zan riƙa ce masa, kamar yadda muke kiransa a sashe. Ya koyar da ni a aji biyu da aji huɗu, daga baya na zama abokin aikinsa, kuma ni ne magatakardan kwamitin ƙarin girma na sashenmu a yawancin shekarun da zan yi magana a kansu, don haka takardun ta hannuna suka bi. Shekarun da zan lissafa na aikinsa ne, daga ranar da aka ɗauke shi.

Malam ya kama aiki da digiri na biyu da diwani ɗaya, wato littafin waƙoƙi, a hannu. Ya fitar da na biyu a shekara ta 3, ya kammala digiri na uku a shekara ta 6 da kundi a kan karin waƙa, sannan diwani na uku ya fito a shekara ta 9. Waƙoƙin littattafan uku sun kai 140, dukkansu da harshenmu. Biyu daga cikin littattafan shi ya biya kuɗin bugawa, shi ya duba kurakurai, shi ya rarraba. Na ukun ne kawai ya bi ta hannun kamfanin ɗab'i mai edita.

Kwas huɗu yake ɗauka kowane zango, ɗaya daga ciki na 'yan aji ɗaya ne masu haura 300, ga duba kundayen 'yan ajin ƙarshe. Da asuba yake rubuta waƙa, kafin hayaniyar gida ta tashi. Ɗalibai suna haddace baitocinsa, ana gayyatarsa rerawa a taruka, har an rubuta kundayen digiri na farko a kan waƙoƙinsa a wasu jami'o'i.

Matakan farko ba su ba shi wahala ba, domin a cikin gida ake yanke su: digiri, shekarun aiki, 'yan maƙalu kaɗan. Ya zama babban malami a shekara ta 8. Matakai biyu na ƙarshe, wato mataimakin farfesa da farfesa, su ne masu wata hanya dabam. Sashe ya duba, tsangaya ta duba, sannan a tura ayyukan mutum ga farfesoshi uku na wasu jami'o'i, waɗanda ba a gaya masa sunayensu. Sai biyu cikin uku sun amince.

Shekara ta 11: an dawo da fayil daga tsangaya

Ƙa'idar jami'armu ta lokacin tana neman ayyukan ilimi 15 daga mai neman zama mataimakin farfesa, aƙalla 10 su kasance maƙalun mujalla da masana suka tantance kafin bugawa. Malam ya kawo maƙala 7, babi 2 a littattafan haɗin gwiwa, da diwani 3. A lissafinsa yana da 12, yana kuma sa ran za a ba kowane diwani nauyin maƙala biyu, tunda littafi ne sukutum.

Kwamitin tsangaya ya ƙirga 9. A jadawalin maki babu gurbin aikin ƙirƙira ko ɗaya. Gurbin da ya fi kusa shi ne na hidimar al'umma, inda ake sa halartar kwamitoci da jawabai a rediyo, kuma can aka jefa diwanan uku. Fayil bai ko fita daga tsangaya ba.

Ni na kai masa wasiƙar. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta gida huɗu, ya ce da ni: «To, waƙa 140 ba su kai maƙala ɗaya ba ke nan.» Ya sa ta a aljihu ya wuce aji.

Shekara ta 11 zuwa ta 12: ɗaukaka ƙara

Abu na farko da ya gwada shi ne hujja. Ya rubuta takardar koke mai shafi 9. A ciki ya kawo cewa Jami'ar Iowa ta Amurka ta fara karɓar aikin ƙirƙira a matsayin kundin babban digiri tun 1922, ta kafa shirinta na horar da marubuta a 1936, kuma Jami'ar East Anglia ta Ingila ta buɗe digiri na biyu a rubutun ƙirƙira a 1970. Ya kawo sunan Seamus Heaney, wanda ya riƙe kujerar farfesan waƙa ta Oxford daga 1989 zuwa 1994. Ya rufe da A. E. Housman, mawaƙin Ingila da ya yi farfesan Latin a Landan da Cambridge.

Kwamitin koke ya zauna sau ɗaya. Amsarsa kashi uku ce. Misalan Iowa da East Anglia na waɗanda aka ɗauka aikin koyar da rubutun ƙirƙira ne, shi kuwa takardar kama aikinsa nazarin adabi ta ce. Housman an ba shi kujerar Landan a 1892 saboda maƙalunsa na gyaran matanin Latin da Girkanci, littafin waƙoƙinsa na farko sai 1896 ya fito, don haka misalin bai tsaya masa ba. Na uku kuma, ko da akwai gurbi, littattafai biyu da mutum ya buga wa kansa babu wanda ya tantance su sai shi.

A wannan tsakanin ya gwada wata hanya gajera. Wani abokinsa ya ba shi shawarar ya fassara waƙoƙinsa zuwa Turanci, wai in suka fito a waje kwamiti zai gan su da daraja. Ya fassara 20, ya tura wa mujallu 6. Babu wadda ta karɓa. Kari da amsa-amo, waɗanda su ne ƙarfinsa, ba su tsallaka tare da ma'anar ba.

Shekara ta 12 zuwa ta 14: neman adadi

Daga nan Malam ya yanke shawarar ba su abin da suke nema. Ya ajiye waƙa gaba ɗaya, ya mayar da lokacin asuba na rubuta maƙalu. Cikin wata 14 ya fitar da 8.

Biyar daga cikinsu sun fito a mujallun intanet masu turo gayyata ta imel, su karɓi maƙala cikin mako biyu, a biya su, su buga ba tare da sun taɓa ko waƙafi ba. Mujalla ɗaya takan haɗa aikin gona da lissafin kuɗi da adabi a fitowa guda. A lokacin wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, yana wallafa jerin sunayen irin waɗannan mujallu da kamfanoninsu, jerin da aka sauke a farkon 2017. Sauran ukun sun fito a mujallu na gaskiya, sai dai daga babi ɗaya na kundinsa ya yanko su, ya canza take da gabatarwa.

Adadi ya kai 17. Sashe ya amince, tsangaya ta amince, aka tura waje a shekara ta 13. Rahotanni sun ɗauki wata 16 kafin su cika. Ɗaya ya amince, biyu sun ƙi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi ya rubuta shafi 4. Ya ware maƙalu biyar ɗin ya ce ba zai auna su ba, domin babu alamar wani masani ya duba su. Ya nuna cewa jadawali ɗaya ya bayyana a maƙalu uku, har da kuskuren bugu iri ɗaya. Sai a sakin layi na ƙarshe ya yaba wata tsohuwar maƙala mai shafi 11, wadda Malam ya rubuta a shekara ta 4 a kan bambancin waƙa a takarda da waƙa a baki. Ya ce a nan ne kawai ya ji muryar mutumin da ya san abin da wasu ba su sani ba, kuma abin mamaki ne a ce bai koma kan batun ba.

Ƙa'ida ta ce wanda masu tantancewa suka ƙi sai ya jira shekara 2 kafin ya sake nema. Waɗanda suka kama aiki tare da shi, biyu sun riga sun zama farfesoshi. Wani da ya koyar ya kamo shi a mataki.

Akwai abin da ba ya cikin fayil. Daga shekara ta 12 zuwa ta 15 Malam bai kammala waƙa ko ɗaya ba. Wata rana ina neman takardar sakamako a durowarsa, na ci karo da littafin rubutunsa mai shuɗin bango. Shafin ƙarshe da aka taɓa yana ɗauke da ɗango ɗaya tak, wato layi ɗaya na baiti, an soke kalmar ƙarshe sau uku, kowane sauyi da alƙalami dabam, ƙasan shafin fari fat. Kwanan watan da ke sama ya haura shekara biyu. Ya gan ni da shi a hannu, ya ce: «Mayar da shi. Kunnen ne ya toshe.»

Shekara ta 15: hutun bincike

Ya ɗauki hutun bincike na shekara guda, ba tare da wani tsayayyen shiri ba. A wata na biyu ya kai rahoton mai shafi 4 wurin tsohon malaminsa, wanda ya duba kundinsa na digiri na uku, a lokacin ya yi ritaya kuma idonsa ya raunana. Ni na raka shi, ni na karanta rahoton a bayyane.

Dattijon bai ce komai a kan mujallun ba. Sai ya karanto wani baiti na wani mawaƙi da ya daɗe da rasuwa, baitin da manazarta suka saba kawowa a matsayin misalin karyewar kari, ya ce: «Ɗana, a ina ya karye?»

Malam ya ce bai karye ba, Baba. Ya sa yatsa yana buga hannun kujera, ya rera baitin a hankali. Da ya zo gaɓa ta huɗu, wadda a takarda gajera ce inda ma'auni ke neman doguwa, sai ya ja wasalin kaɗan, bugun yatsa bai ko motsa daga tafiyarsa ba. Ya sake rerawa. A farkon ɗango na biyu yatsan ya buga sau ɗaya bakinsa na rufe, sannan muryar ta shiga. Ya ce gurbin da ake cewa ya ɓace ga shi nan, mawaƙin numfashi yake ja a wurin. Ya ƙara da cewa ɗango na uku kam akwai matsala, amma ba ta mawaƙin ba ce: babu mai waƙar da zai sa wannan kalma a nan, alhali ga 'yar'uwarta mai gaɓa biyu wadda ta dace da amsa-amo. Mai kwafa ne ko mai bugu ya musanya.

Dattijon ya ce: «A wace maƙala ka rubuta wannan?» Malam ya ce wannan ai ba bincike ba ne, abu ne da duk mai yin waƙa ya sani. Dattijon ya ce: «Ni shekara 40 ina koyar da aruli, ilimin ma'aunin waƙa, ban ji abin da ka ji yanzu ba. Housman ɗin da suka mayar maka da shi, da wane kunne kake tsammani ya gyara matanin Manilius, tsohon mawaƙin Latin?»

Daga wannan zama aikin ya samo asali. Malam yana da tsofaffin kaset da ya tara tun yana ɗalibi, na mawaƙa suna rera waƙoƙinsu da bakinsu. Ya zaɓi waƙa 60 na mawaƙa 6. Kowane ɗango ya yi masa gida uku: yadda yake a rubuce, yadda ya hau ma'aunan waƙar Larabci da Khalil bin Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, da yadda ya fito a rerawa, gaɓa bayan gaɓa. Aiki ne mai cin rai. Waƙa ɗaya takan ci masa kwana uku, yana mayar da kaset baya yana saurare. Masana sun riga sun taɓo batun rata tsakanin matani da rerawa, kuma ya karanta su a wannan karon da natsuwar da bai yi ba a da. Abin da ya ƙara shi ne rarrabewa. Ɗangogin da suke kamar karyayyu a takarda sun kasu uku: waɗanda rerawa ke ɗinkewa ta jan wasali ko haɗiye gaɓa ko shiru a farkon ɗango, su ne mafi yawa, waɗanda kuskuren kwafa ko bugu ne, da 'yan kaɗan da mawaƙin ne ya yi tuntuɓe da gaske.

Kashi na biyu ne ya buɗe masa wata ƙofa. Ya nemi rubutun hannu na ɗaya daga cikin mawaƙan a wurin iyalansa. A wurare da dama kalmar da kunnensa ya ce ita ce ta asali, ita ɗin ce a rubutun hannun. Inda ya yi kuskure ma ya rubuta, ya bayyana abin da ya ruɗe shi.

Shekara ta 15 zuwa ta 17: bugawa da gyaran ƙa'ida

Maƙala ta farko ta sha wuya. Mujallar da ya fara turawa ta ƙi bayan wata 5, masu dubawa suka ce bai fayyace yadda ya auna tsawon gaɓa ba, kunnensa kawai ya dogara da shi. Ya nemi taimakon wata malama a sashen kimiyyar harshe, suka auna samfuri da manhajar nazarin sauti, awon ya gaskata yawancin abin da ya ji. Ya tura wa mujalla ta biyu, aka dawo da ita gyara sau biyu. Daga rubutawa zuwa fitowa wata 19. Uku suka biyo baya da sauƙi fiye da haka. Sannan maɗaba'ar wata jami'a ta buga gyararren diwanin mawaƙin nan, da gabatarwa da bayanin kowane gyara a ƙasan shafi.

A daidai lokacin jami'a ta buɗe bitar ƙa'idojin ƙarin girma. Wannan karon Malam bai je shi kaɗai ba, kuma bai yi maganar fayil ɗinsa ba. Ya haɗa kai da malaman wasan kwaikwayo da na zane, waɗanda ciwonsu ɗaya da nasa. Sun duba yadda ake yi a wasu wurare. Tsarin auna binciken jami'o'in Birtaniya, wanda aka gudanar a 2014, yana karɓar aikin ƙirƙira tare da bayani da bai wuce kalma 300 ba, mai nuna tambayar da aikin ya bi da abin da ya gano. Ostireliya ma a lokacin tana neman irin wannan bayani. Sai suka gabatar da sharuɗɗa: aikin ya fito ta hannun kamfani ko hukuma mai edita mai zaman kansa, a kawo shaidar cewa wasu sun yi nazarinsa ko sharhi a kansa, a haɗa da gajeren bayani, ɗaya daga cikin masu tantancewa ya kasance yana jin harshen aikin, kuma aikin ƙirƙira kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar maki.

A zaman farko majalisar jami'a ta mayar da shawarar. Wani farfesan kimiyya ya tambaya, da zuciya ɗaya, yaya za a gane waƙa mai kyau da marar kyau. Malamar wasan kwaikwayo ta amsa cewa kamar yadda ake gane maƙala: a ba waɗanda suka san fannin. A zama na biyu aka amince, bayan an rage kason zuwa ɗaya cikin biyar.

Shekara ta 18 zuwa ta 22: sakamako

Kafin ya sake nema, Malam da hannunsa ya cire maƙalu biyar na mujallun kuɗi daga jerin ayyukansa, ya bar ɗaya kacal cikin ukun da suka maimaita juna. Sabuwar ƙa'idar da ya yi wa fafutuka ta fitar da diwaninsa biyu da ya buga wa kansa, ta karɓi ɗaya. Jerin ya tsaya a 16: maƙala 12, babi 2, gyararren diwani 1, diwaninsa 1. Rahotanni suka dawo cikin wata 11, duka ukun sun amince. Ya zama mataimakin farfesa a shekara ta 18, shekara 7 bayan nemansa na farko, sannan farfesa a shekara ta 22.

Waƙa ta dawo a shekara ta 16, yana tsaka da sauraron kaset. Diwaninsa na huɗu ya fito a shekara ta 20 da waƙa 31.

Yadda nake ganin lamarin

Kwamitin shekara ta 11 bai yi kuskuren ƙirga ba, ƙa'idar da aka ba shi ce gurguwa. Jami'ar da ke ba ɗalibi digiri don ya yi nazarin waƙar Malam, sannan ta ce waƙar kanta ba ta da gurbi a jadawali, ta saɓa wa kanta. Amma hujja ta uku da kwamitin koke ya bayar gaskiya ce, kuma Malam ya daɗe bai yarda da ita ba. Tafin da ake yi wa mutum a taro ba tantancewa ba ne. Littafin da babu wanda ya isa ya ce wa mai shi cire wannan, kwamiti ba shi da abin kamawa a kansa.

Kokensa ya faɗi ne saboda ya nemi a yi masa togiya shi kaɗai, da misalan da ba su dace da kujerarsa ba. Gyaran ƙa'ida ya wuce saboda an zo da ma'auni da kowa zai hau, har ya kayar da littattafai biyu na wanda ya kawo shi, kuma na tabbata wannan ya sa masu shakka suka sakankance. Neman adadi ne ya fi yi masa ɓarna, domin bayan shekarun da ya ci, ya taɓa sunansa a idon masanan da bai san ko su wane ne ba, ya kuma cinye lokacin asuba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekara 14 Malam yana raba kansa biyu. Mai waƙa yana sauraro, mai maƙala yana kwafo ra'ayoyin wasu, ba sa gaisawa. Iliminsa mafi tsada yana wurin mai waƙar, shi kuwa ya raina shi don bai sha wuyar karanto shi a littafi ba. Mutum biyu ne suka nuna masa: baƙon da ya ƙi fayil ɗinsa, da dattijon da ya tambaye shi ina ya karye. Mu da muke zaune da shi kullum, muna jin yana buga tebur a aji, babu wanda ya ce masa ya rubuta.

Ni ma ina da nawa kason. Na san irin mujallun nan tun a lokacin, ni na buga jerin da aka tura waje, kuma na yi shiru saboda nauyin malamina. Da na buɗe baki a ofishinsa, da wataƙila bai ji ta daga bakin baƙo ba bayan wata 16.

Kujerar ta zo, amma ba ta mayar da komai ba. Waƙa 140 zuwa shekara ta 10, 31 a shekara 12 da suka biyo. Yakan ce na bayan sun fi ƙarfi, kuma na yarda, sai dai ina tuna yadda yake shigowa sashe da sabuwar waƙa kusan kowane wata, yana neman wanda zai saurara kafin a shiga aji. Yanzu yana sake shirya diwanan nan biyu tare da edita, kuma ya amince a cire waƙa 22 daga ciki. Littafin mai shuɗin bango yana kan teburinsa, ya ci gaba da rubutu daga shafi na gaba. Ɗangon nan ɗaya yana nan yadda na gan shi.